Jagorar Kare Wanda Ake Tuhuma da Kisan Kai a Kotunan Arewacin Nijeriya

Kurakuran da sababbin lauyoyi suke yi a shari'ar kisan kai ba su da yawa, sai dai su ne suke ta maimaituwa daga wannan kotu zuwa waccan, kuma kusan dukkansu suna tasowa ne daga zaton cewa aikin kariya yana farawa ranar da aka kira shari'a gaban alƙali, kuma burinsa guda shi ne a sallami wanda ake tuhuma ya koma gida. Galibin irin wannan shari'a tana lalacewa tun a makon farko, a ofishin 'yan sanda, kafin lauya ya sa rigarsa. Sannan a yawancinta babu gardama kan wanda ya yi sara ko suka, gardamar tana kan wane irin kisa aka yi, domin amsar ita ce take raba wanda za a rataye da wanda zai yi 'yan shekaru a gidan yari ya fito. Kariyar da ba a kafa mata tushe cikin shaida tun da wuri ba, ba za a iya gina ta da daɗin baki ranar jawabin ƙarshe ba, kuma a kan wannan aka tsara matakan da ke biye.

Dokar da ake aiki da ita a jihohin Arewa da Abuja ita ce Final Kod, wadda aka kafa a 1959 ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, an kuma samo tsarinta daga kundin Sudan, wanda shi ma ya samo nasa daga kundin Indiya na 1860. Sashe na 221 ya tanadi kisan kai mai hukuncin kisa, wato inda mutum ya yi nufin kashewa, ko ya san, ko yana da dalilin sanin, cewa mutuwa ce sakamakon da ya fi rinjaye ga abin da ya aikata. Sashe na 222 ya jero yanayin da kisa yake sauka daga wannan matsayi, sashe na 224 kuma ya ba alƙali damar ɗaurin rai da rai, ko abin da bai kai haka ba, ko tara, ko duka biyu. Wannan rabuwa ta daɗe tana jawo ka-ce-na-ce a Arewa: a shari'ar Tsofo Gubba ta 1947, kotun Sarkin Gwandu ta yanke hukuncin kisa bisa fiƙihun Malikiyya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma kuma ta soke shi saboda a dokar Turawa tunzurawa ta sauke laifin daga matsayin kisan gilla. A jihohin Kudu Kiriminal Kod ne yake aiki, da kalmomi da lambobi dabam.

Abubuwan da ake bukata

Lauya ba zai fara wannan aiki ba sai ya tanadi waɗannan:

- Final Kod na jihar da ake shari'ar, bugun da ke aiki yanzu, domin wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sake kafa nasu kuma lambobin sassa sun canza.
- Dokar Shaida ta 2011, da Tsarin Mulki na 1999, musamman sassa na 33, 35 da 36.
- Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, ko takwararta ta jiha, kamar ta Kano ta 2019.
- Takardar tuhuma, jerin shaidu, bayanan da aka ɗauka daga kowa, rahoton likita da jerin kayan shaida.
- Tafinta amintacce idan wanda ake karewa ya fi sakewa da Fulatanci, Kanuri ko wani harshe, da likitan da zai fassara rahoton gawa.

Mataki na 1: Ganawa ta farko da tsare shaida

Lauya zai je wurin wanda aka tsare da kansa, ya gan shi su biyu, ba tare da ɗan sanda ko ɗan'uwa a kusa ba, domin mutum ba ya faɗin gaskiyar abin da ya faru a gaban mahaifinsa ko surukinsa. Zai bar shi ya ba da labarin daga farko har ƙarshe ba tare da katse shi ba, sannan ya koma yana tambayar sa dalla-dalla: wa ya fara, me ke hannun kowa, daga ina makamin ya fito, sau nawa aka kai duka, su wa ke wurin, kuma me ya yi bayan abin ya faru. Zai kuma tunatar da shi cewa sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya.

Abin da ya fi saurin ɓacewa shi ne raunin da ke jikin wanda ake tuhuma. Saran adda a dantse ko tabon cizo yana warkewa cikin makonni, alhali shari'ar tana iya kai shekara biyu kafin a fara sauraron shaidu, don haka lauya zai nemi a kai shi asibitin gwamnati a rubuta raunin, a ɗauki hoto, kuma a saka batun a rubuce ga jami'in da ke bincike. Daga nan sai ziyartar wurin da abin ya faru, a irin lokacin da ya faru: idan shaida ya ce ya gane fuska da tsakar dare, lauya yana bukatar sanin ko akwai fitila, ko da farin wata, ko akwai danga tsakaninsu, da kuma tazarar da ke tsakanin wurin da gidan wanda ake tuhuma, domin a kan wannan tazara za a yi gardamar ko ya je ya ɗauko makami ne ko da ma yana hannunsa.

A nan ne kuma ake faɗa wa kuskuren da ya fi kowane muni, wato koya wa wanda ake karewa abin da zai faɗa. Lauyan da aka gaya wa gaskiya yana da ikon tilasta wa masu gabatar da ƙara su tabbatar da kowane rukuni na tuhuma, amma ba shi da ikon gabatar da shaidar da ya san ƙarya ce, kuma ban da hatsarin rasa lasisi, labarin da aka ƙaga yakan warware a tambaya ta uku ko ta huɗu, ya tafi da kariyar gaskiya da take kwance a ƙarƙashinsa.

Mataki na 2: Tsarewa, beli da maganar sulhu

Kotun majistare ba ta da hurumin yanke shari'ar da ke ɗauke da hukuncin kisa. Iyakarta ta ba da umarnin tsarewa kafin Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara, kuma dokar 2015 ta ƙayyade umarnin farko da kwana 14, wanda ba a sabunta shi sai da dalili. Lauya zai bi sawun fayil ɗin daga 'yan sanda zuwa ma'aikata, domin a wannan tsakanin ne ake manta mutane shekara da shekaru. Beli sai a Babbar Kotu, kuma sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiyar da likitan gwamnati ya tabbatar ba za a iya kula da ita a tsare ba, ko jinkirin da ya wuce shekara guda.

Dangi sukan zo da labarin cewa dattawa sun zauna, an yafe, ko an biya wani abu. A jihohin da suka kafa kundin laifuka na Shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, idan ƙarar tana gaban kotun Shari'a, waliyyan mamaci suna da zaɓi tsakanin ƙisasi, diyya da afuwa; a ƙarƙashin Final Kod kuwa ƙarar ta gwamnati ce, yafewar dangi ba ta kashe ta, Antoni Janar na jiha ne kaɗai yake da ikon janye ta bisa sashe na 211 na Tsarin Mulki. Lauya zai bayyana wannan ga dangi tun da wuri, ya kuma hana su zuwa gidajen shaidu, domin abin da suka ɗauka ban-haƙuri ne kotu tana iya ɗaukar sa yunƙurin toshe bakin shaida.

Mataki na 3: Rarraba tuhuma zuwa rukunanta

Sashe na 135 na Dokar Shaida ya ɗora wa masu gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi ta yadda ba za a bar shakka mai ma'ana ba, kuma a kisan kai rukunai uku ne: cewa mutum ya mutu, cewa aikin wanda ake tuhuma ne ya yi sanadin mutuwar, da cewa ya aikata da nufi ko sanin da sashe na 221 ya ambata. Lauya zai rubuta kowane rukuni a takarda dabam, ya jera a ƙarƙashinsa shaidar da ke tallafa masa, domin ta haka giɓi yake fitowa fili.

Rukuni na biyu yana bukatar natsuwa a Arewa, inda akan yi jana'iza cikin sa'o'i kaɗan kuma dangi ba sa yarda a taɓa gawa. Sabon lauya yakan yi murna da zarar ya ga babu rahoton binciken gawa, ya ɗauka ya gama. Kotuna kuwa sun daɗe da tsayar da cewa idan an sari mutum ya faɗi nan take ya mutu, alƙali yana iya gane sanadin mutuwa ba tare da likita ba. Shari'ar Maryam Sanda misali ce sananniya, inda Babbar Kotun Abuja ta yanke hukuncin kisa a Janairun 2020 bisa ƙarina, wato alamomin da ke kewaye da abin da ya faru, duk da cewa babu wanda ya ga kisan da idonsa. Rashin rahoton likita yana amfani ne inda aka sami tazara tsakanin rauni da mutuwa, misali wanda aka daka ya tashi ya ci gaba da harkokinsa, bayan makonni ya kwanta ya rasu ba a san ciwon da ya kashe shi ba. Ko a nan ma akwai iyaka, domin doka tana ɗaukar wanda ya gaggauta mutuwar majinyaci a matsayin wanda ya yi sanadinta, kuma ba a karɓar hanzarin cewa da an kai shi asibiti mai kyau da ya rayu. Idan akwai rahoto, lauya zai duba wanda ya nuna wa likita gawar, da ko raunin da aka rubuta ya dace da makamin da aka gabatar.

Rukuni na uku kotu tana karanta shi ne daga makami, da wurin da aka sama, da ƙarfin duka da yawansa. Wuƙa a ƙirji ko gatari a ka suna magana da kansu, amma duka ɗaya da sandar kiwo a kafaɗa, ko naushi, ko turewar da mutum ya faɗi kansa ya bugi dutse, suna buɗe ƙofar cewa mutuwa abu ce mai yiwuwa kawai, ba wadda ta fi rinjaye ba, kuma wannan bambanci kaɗai yana iya fitar da shari'a daga sashe na 221. Inda mutane da yawa suka taru a kan mutum ɗaya, kamar a faɗan daba ko dukan wanda aka yi wa ihun ɓarawo, masu ƙara za su dogara da sashe na 79 na Final Kod kan manufa ɗaya, sai lauya ya nuna cewa kasancewa a wurin ba ita ce tarayya cikin nufi ba.

Mataki na 4: Bayanin amsa laifi

Babu takardar da ta kai mutane ga igiya kamar bayanin da aka ɗauka a ofishin 'yan sanda, kuma kotu tana iya yanke hukunci a kansa shi kaɗai idan ta gamsu da shi. Yana da kyau a duba yadda yake samuwa. Manomin da bai yi boko ba yana ba da labari da Hausa, yana cewa: "Ya kawo mini sara, na tare da sanda, ya sake kawowa, sai na maka masa." Ɗan sanda yana rubutawa da Turanci, yana taƙaitawa, har abin da ya rage a takarda shi ne sun yi faɗa, ya buge shi da sanda, ya mutu, sai a shafa wa mutumin tawada a babban yatsa ya dangwala. Sara biyun da aka kawo masa, waɗanda su ne dukan kariyarsa, sun zube tsakanin baki da alƙalami. Saboda haka lauya zai tambayi harshen da aka yi bayanin da shi, ya nemi kwafin Hausar idan an rubuta, ya gwada shi da fassarar layi bayan layi, ya kuma gano ko an yi amfani da tafinta, domin inda mai rubutu bai ji harshen ba, dole a kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta.

Akwai hanyoyi biyu na ƙalubalantar bayani, kuma cakuɗa su kuskure ne da ake yawan gani. Idan wanda ake tuhuma ya ce ya yi bayanin ko ya sa hannu, amma da duka, rataya ko barazana, batun na karɓuwa ne a ƙarƙashin sashe na 29 na Dokar Shaida, kuma kotu za ta dakata ta yi ƙaramar shari'a a cikin shari'a, inda masu ƙara ne za su tabbatar ba a tilasta masa ba. Idan kuwa cewa ya yi bai taɓa yin bayanin ba, kotu za ta karɓi takardar ta auna nauyinta a ƙarshe. Dole lauya ya tashi ya yi suka a daidai lokacin da aka miƙa takardar. Wanda ya yi shiru har aka sa mata lamba, sannan ya tayar da maganar azabtarwa lokacin kariya, ya makara, domin kotu za ta ɗauki maganar tunanin baya ce.

Dokar 2015, a sassa na 15 da 17, ta tanadi ɗaukar bayanin amsa laifi a bidiyo da kuma halartar lauya, ko jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko wani da wanda ake zargi ya zaɓa, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Nnajiofor ta 2024 ta ɗauki wannan tanadi a matsayin wajibi. Lauya zai duba lafazin dokar jiharsa kafin ya dogara da wannan. Sai dai kafin ya yaƙi bayani, ya karanta shi da idon basira: wani lokaci a cikinsa ne kaɗai aka ambaci zagin da aka yi ko wuƙar da mamaci ya zaro, kuma kotu wajibi ne ta duba ɓangaren da ke taimakon mai bayani kamar yadda take duba wanda ke cutar da shi. Fitar da irin wannan takarda daga shari'a asara ce.

Mataki na 5: Zaɓen kariya

Kotu tana da alhakin duba duk kariyar da shaida ta nuna, ko da lauya bai ambace ta ba, amma ba za ta ƙirƙiro wadda babu alamarta a rubuce ba. Haka kuma wasu kariyoyin ba sa zama a inuwa ɗaya: wanda ya rantse ba ya wurin ba zai juyo ya ce kare kansa ya yi ba, domin kare kai da tunzurawa duk suna farawa ne da amincewa cewa shi ya aikata.

Hanzarin cewa mutum yana wani wuri dabam dole a faɗe shi tun a ofishin 'yan sanda, da cikakken bayani: wane gari, gidan wa, tare da su wa, daga ƙarfe nawa zuwa nawa. Idan an yi haka, nauyin bincike ya hau kan 'yan sanda, kuma rashin binciken yana iya haifar da shakka. Idan kuwa sai a akwatin shaida aka fara jin sa, ko shaidun gani da ido da suka san mutumin sun tsayar da shi a wurin, hanzarin ya rushe.

Kare kai, wanda sassa na 59 zuwa 67 na Final Kod suka tanada, cikakkiyar kariya ce da ke kai ga sallama, kuma yana kaiwa har ga kisa inda harin ya sa mutum fargabar mutuwa ko mummunan rauni, ko a fyaɗe, satar mutum, fashi da fasa gida da dare. Sharuɗɗansa su ne kada ɓarnar ta wuce abin da kariya take bukata, kuma kada a sami sararin neman taimakon hukuma. Shari'ar Sunday Jackson, manomin Adamawa da Babbar Kotun Yola ta yanke wa hukuncin kisa a 2021 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris 2025, tana nuna inda wannan kariya take karyewa: mafi rinjayen alƙalai sun ga cewa da zarar ya ƙwace wuƙar daga hannun wanda ya kai masa hari, hatsarin ya kau kuma yana da damar gudu, Mai shari'a Helen Ogunwumiju kuma ta saɓa musu. Darasin aiki shi ne shari'ar kare kai tana rataye ne a kan daƙiƙoƙi kaɗan, don haka lauya zai fitar da su ɗaya bayan ɗaya cikin shaida: ko har yanzu ana kokawa, ko mamaci yana neman ƙwato makamin, ko raunin da ke ƙafar wanda ake tuhuma zai bar shi ya gudu. Kuma zai roƙi madadin da sashe na 222 ya bayar ga wanda ya wuce iyakar kare kai da kyakkyawar niyya, ba tare da shiri ba. Sababbin lauyoyi da yawa suna manta wannan ƙaramin sashe, alhali shi ne tudun tsira idan cikakkiyar kariya ta faɗi.

Tunzurawa ba ta wanke mutum, tana sauke laifin ne kawai. Dole ta kasance mai tsanani kuma ta ba-zata, ta kai ga mutum ya fita hayyacinsa, ya aikata kafin zuciya ta huce, kuma martanin ya yi daidai da abin da aka yi masa. Ma'aunin shi ne mutum mai hankali daga irin muhallin wanda ake tuhuma, shi ya sa a shari'ar Ruma da En'e ta Daura a 1960 aka karɓi cewa kiran Musulmi kare yana iya zama tunzurawa. Abin da yake kashe wannan kariya shi ne lokaci: wanda aka zaga a kasuwa da hantsi, ya koma gida, ya wasa wuƙa, ya dawo da la'asar, ramuwa ya yi. Dole kuma tunzurawar ta fito daga mamacin, kuma kada wanda ake tuhuma ya zama shi ya tono ta don ya sami hujja. Kusa da ita akwai faɗan da ya ɓarke nan take ba da shiri ba, muddin wanda ya yi kisan bai ci zalin abokin faɗansa ba, kamar ya soki wanda ba shi da makami ko ya ci gaba da dukan wanda ya riga ya faɗi.

Tsautsayi, bisa sashe na 48, sai an nuna cewa halattaccen aiki ake yi, ta halattacciyar hanya, da kulawar da ta kamata. Maharbin da ya yi harbi cikin duhu ba tare da ya tabbatar da abin da ya gani ba ya fi kusa da kisa ta hanyar ganganci, wanda shi ma yana ƙarƙashin sashe na 222.

Taɓin hankali ya bambanta da sauran, domin nauyin tabbatar da shi yana kan mai kariya, ko da yake rinjayen yiwuwa ya isa. Sashe na 51 yana tambaya ne ko a lokacin aikatawa mutum ya kasa sanin yanayin abin da yake yi, ko sanin cewa kuskure ne ko saɓa wa doka. Rashin dalilin kisa ko muninsa ba hujja ba ne. Ana bukatar tarihin ciwon daga dangi da maƙwabta, katin asibiti irin na Dawanau a Kano ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, shaidar mai maganin gargajiya ko malamin da ya yi masa ruƙiyya, halinsa kafin da bayan abin, da ra'ayin likitan ƙwaƙwalwa. Dangi su sani cewa nasara a nan tsarewa ce a wurin da hukuma ta ga dama, ba komawa gida ba. Maye da mutum ya jawo wa kansa, da ƙwaya ko giya, ba ya ba da kariya, haka ma imani da maita: a shari'ar Gadam ta 1954 an tabbatar da hukuncin wanda ya kashe tsohuwa bisa zaton ta kama kurwar matarsa.

Mataki na 6: Sauraron shaidu

Ko da wanda ake tuhuma ya ce ya amsa laifi, kotu za ta rubuta masa bai amsa ba a tuhumar da ke ɗauke da hukuncin kisa, kuma ba a sauraron ta ba tare da lauya ba. Lauya zai tabbatar an karanta tuhuma an fassara ta, kuma an rubuta hakan. A tambayoyin ƙure kowace tambaya ta kasance tana hidima ga kariyar da aka zaɓa, a kuma gabatar wa shaidun masu ƙara labarin wanda ake karewa domin su amsa, saboda abin da ba a ƙalubalanta ba ana ɗauka an yarda da shi. Idan shaida ya saɓa wa bayaninsa na farko, sai an nuna masa wurin an ba shi damar bayani kafin saɓanin ya yi amfani, kuma saɓanin da ke tasiri shi ne wanda ya shafi ginshiƙin tuhuma, kamar makami ko wanda ya kai duka, ba launin riga ba. Tambayar da lauya bai san amsarta ba ta fi kyau a bar ta, musamman ga likita.

Bayan masu ƙara sun rufe, ana iya roƙon kotu ta yanke cewa babu abin amsawa, idan wani rukuni ya rasa shaida gaba ɗaya. Amma jingina kariya kacokan a kan shaidar masu ƙara, ba tare da kiran kowa ba, caca ce da ran mutum; Tsarin Mulki bai tilasta wa wanda ake tuhuma ba da shaida ba, sai dai inda kariyar kare kai ce ko tunzurawa, da wuya wani ya iya faɗin abin da ya gani da abin da ya ji tsoro in ba shi ba.

Mataki na 7: Jawabin ƙarshe, hukunci da ɗaukaka ƙara

Jawabin lauya ba shaida ba ne, aikinsa shi ne ɗaure shaidar da ke rubuce da sassan doka, kuma a jera roƙo daki-daki: sallama da farko, in ba ta samu ba a sauko zuwa sashe na 224, ko sashe na 225 inda nufin rauni ne kawai kuma iyakar ɗauri shekara 14. Idan an kama mutum da laifi a sashe na 221 alƙali ba shi da zaɓi, roƙon sassauci ba ya canza komai, sai dai batun shekaru: dokar 2015 ta hana hukuncin kisa ga wanda bai kai 18 ba lokacin aikata laifin, don haka takardar haihuwa, rajistar firamare ko katin rigakafi abubuwa ne da ake nema tun a mataki na farko.

Wanda aka yanke wa hukuncin kisa yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara ba tare da neman izini ba, cikin kwana 90 zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan kwana 30 daga can zuwa Kotun Ƙoli, bayan haka sai roƙon afuwar gwamna bisa sashe na 212 na Tsarin Mulki. Lauya zai nemi kwafin hukunci da rikodin shari'a nan da nan, ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, ya kai kwafinta mai hatimi ga Ma'aikatar Shari'a da hukumar gidan yarin da ake tsare da mutumin, ya karɓi shaidar cewa sun karɓa. Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin shari'ar da Kotun Ƙoli ta yanke a 1986 kan Nasiru Bello, wanda aka yanke wa hukuncin kisa kan fashi da makami a Jihar Oyo, aka kuma zartar masa alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana jiran saurare.